Nazarin Lamari: Amfilifayar Hedifon da Ta Riƙa Cinye Kwalabenta

Asalin lamarin, Oktoba 2019

Mai wannan na'ura ma'aikacin ofis ne da ke zaune a arewacin Ingila, kuma a watan Oktoban 2019 ya yi odar wata ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, daga Sin ta intanet domin ya riƙa sauraron kiɗa da hedifon ɗinsa mai om 300 (om shi ne ma'aunin turjiya ga wutar lantarki). Amfilifayar tana cikin irin waɗanda har yanzu ake ƙera su da kwalaben lantarki, wato kwalaben gilashi da aka zuƙe iskar cikinsu, waɗanda su ne ke cikin rediyo da talabijin kafin taransista ya kore su daga kasuwa. Kwalabe biyu ne a samanta. Ƙaramar, mai lamba 6SN7, ita ce ke ƙara girman sautin da ya shigo, babbar kuma, daga dangin 6AS7G da 6080, ita ce ke tura wutar da hedifon ke buƙata. Kowace kwalba tana da ɓangare biyu a cikinta, ɗaya na kunnen dama, ɗaya na kunnen hagu. A bayan na'urar, kusa da inda wayar wuta ke shiga, an buga 220V da ƙananan haruffa, kuma mai ita ya ga rubutun bai kawo komai a ransa ba, tunda filogin ya shiga soket kuma sauti ya fito tas.

Kafin a bi abin da ya faru, akwai buƙatar a san abin da ke ƙarewa a cikin kwalba. A tsakiyarta akwai wani siririn bututun nikel da ake kira katod, an shafe shi da sinadarin bariyum da sitirontiyum, a cikinsa kuma an zura wata wayar dumama, wato hita, wadda aka lulluɓe da farin sinadari mai hana wuta tsallakawa. Idan hita ta gasa katod har ya yi ja, sai shafin nan ya riƙa sakin ilektiron, su ratsa ta wata raga ta siririyar waya, su faɗa kan faranti. Sautin da ya shigo yana hawa kan ragar ne, ita kuma take ƙayyade yawan abin da zai wuce. Shafin katod ɗin nan shi ne jarin kwalba, kuma ba a ƙara shi bayan an rufe gilashi. Duka kwalaben biyu an yi hitarsu ne domin volt 6.3, ƙaramar tana jan amfiya 0.6, babbar tana jan 2.5. Abin da aka saba faɗa shi ne ƙananan kwalabe suna kaiwa awa 5,000 zuwa 10,000, manyan kuma ba su kaiwa haka, sai dai ita 6080 an ƙera ta ne tun asali domin daidaita wuta a na'urorin soja da na masana'antu, kuma aikin da take yi a amfilifayar hedifon bai kai nauyin da za ta iya ɗauka ba.

Matsalar farko, Fabrairu 2021

A watanni biyar na farko, awa biyu kawai na'urar ke yi da yamma. Da aka sa dokar kulle a Birtaniya ranar 23 ga Maris 2020, ofishin mutumin ya dawo gida, sai ya koma kunna ta tun ƙarfe takwas na safe har shida na yamma, kwana biyar a mako. Ya ajiye ta a kan kantar littattafai, tazarar da ke tsakanin kan babbar kwalbar da katakon sama ba ta wuce santimita biyar ba.

A watan Fabrairun 2021, lokacin da kwalaben da suka zo da na'urar suka yi kimanin awa 2,600, wani ƙugi mai kauri ya fara fitowa a duka kunnuwan, kuma bai canza ba ko an ƙara sauti ko an rage. Bayan mako biyu sai kunnen hagu ya fara ƙas-ƙas jefi-jefi, musamman idan na'urar ta yi awa ɗaya a kunne. Bayanin da ya fi kusa da hannu shi ne kwalaben da masana'anta ke haɗo na'ura da su masu araha ne, don haka ya cire su duka. Ya sa sabuwar 6SN7 ƙirar zamani, ya kuma sayi 6080 ƙirar Amurka ta shekarun 1960 wadda ba a taɓa amfani da ita ba, har da kwalinta na asali. Ƙugi da ƙas-ƙas suka ɓace nan take. Ganin haka, ya ƙara sayen kwalabe shida na ajiya, uku-uku daga kowane iri, ya zuba su a kwalin takalmi, wasu da kwalinsu wasu tsirara, ya kai su saman silin.

Barin na'ura a kunne dare da rana, Maris zuwa Disamba 2021

A wannan lokacin ne ya karanta labarin Tommy Flowers, injiniyan gidan waya na Birtaniya da ya ƙera kwamfutar Colossus domin masu fasa asirin saƙonnin Jamus a Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Samfurin Colossus na biyu, wanda ya fara aiki a 1944, yana da kwalabe kimanin 2,400, kuma Flowers ya gamsar da masu shakka da hujjar da ya samu daga aikin tarho, cewa kwalba tana daɗewa matuƙar ba a riƙa kashe ta ana kunnawa ba. Hujjar tana da tushe, domin hita mai sanyi tana zuƙar wuta da yawa a daƙiƙun farko, kuma miƙewa da tsukewar da ƙarfe ke yi tsakanin zafi da sanyi suna gajiyar da shi. Mutumin ya yanke shawarar cewa kunnawar kullum ce ta kashe kwalabensa na farko, sai ya daina kashe na'urar gaba ɗaya daga watan Maris.

A watan Yuli ƙugin ya dawo. Wata huɗu a kunne ba kashewa ya kama kusan awa 2,900, amma shi wata huɗu yake lissafawa, yana kwatanta shi da wata goma sha shida da na farko suka yi, don haka ya zargi wanda ya sayar masa da 6080 ɗin cewa tsohuwa ya sa masa a sabon kwali. Kafin ya taɓa na ajiya, ya gwada wasu abubuwa uku da ake ba da shawararsu. Ya fesa ruwan wanke soket ya goge ƙafafun kwalaben, ƙas-ƙas ya ragu na 'yan kwanaki, ƙugin bai motsa ba. Ya canza wayar da ta haɗa na'urar da kwamfuta, babu bambanci. Ya sayi wata 'yar na'ura mai raba layin ƙasa tsakanin kayan sauti, ita ma ba ta yi komai ba, kuma da ya cire duk wayoyin da ke shiga amfilifayar ya bar hedifon kaɗai, ƙugin yana nan yadda yake. Sai da ya sa sababbin kwalabe biyu daga kwalin takalmi sannan aka samu shiru. Waɗannan ma a ƙarshen watan Nuwamba suka fara irin wannan kuka.

Abin da aka tarar a saman silin, Disamba 2021

Saman silin a gidajen Ingila wuri ne da ke gasuwa da rani, ya kuma yi sanyi da laima da hunturu. Daga cikin kwalabe huɗu da suka rage, ɗaya ta mutu tun kafin a sa ta. A cikin kowace kwalba akwai wani shafi mai walƙiya kamar madubi a jikin gilashi, wanda ake kira geta, kuma bariyum ne da aka fesa lokacin ƙira domin ya riƙa shanye ragowar iskar da ke fita daga ƙarafan ciki. Na wannan kwalbar ya koma fari fat kamar an barbaɗa alli, alamar da ba ta da fassara biyu: iska ta shiga. Da aka ɗaga ta a hasken taga sai aka ga wata siririyar tsaga a gilashin, daidai inda take gogar maƙwabciyarta duk lokacin da aka ja kwalin. Ta biyu ƙafafunta sun yi tsatsa kore-kore, kuma gindin baƙin roba da ke riƙe da ƙafafun ya saki, yana juyawa idan aka murɗa, saboda mannin da ke tsakaninsa da gilashi ya sha laima. Sauran biyun, waɗanda suke cikin kwalayensu, ba abin da ya same su, su ya sa.

Wajen cire tsohuwar 6080 aka ƙara wata ɓarnar. Ya kama ta ta gilashi yana jijjigawa da ƙarfi, sai ɗan sandan robar da ke tsakiyar ƙafafu takwas ɗin ya karye ya maƙale a soket. Wannan sandan yana da wani ɗan tudu a gefe wanda ke hana a sa kwalba a karkace, kuma kwalbar da ta rasa shi tana iya shiga ta fuska takwas, bakwai daga ciki kuskure ne da zai iya kai wutar faranti kan hita. Da hantsaki ya zaro guntun.

Ƙarancin kwalabe da sayen na hannu, Maris zuwa Satumba 2022

Masana'antun da suka rage suna ƙera irin waɗannan kwalabe da yawa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Kamfanin RCA na Amurka ya rufe masana'antarsa ta Harrison a jihar New Jersey tun 1976. Masana'antar Shuguang da ke Changsha a Sin ta dakatar da aiki a 2019, aka bar JJ Electronic a Sulobakiya da kuma masana'antar Saratov a Rasha, wadda ke ƙera kwalaben Sovtek da Electro-Harmonix da sababbin Tung-Sol. A watan Maris na 2022, bayan mamayar Yukiren, Rasha ta hana fitar da kayayyaki sama da 200, kwalabe suka faɗa cikin jerin, masu saye suka yi rububi, shaguna suka ƙare kaya, farashi ya tashi har na tsofaffin kwalabe da ba su da alaƙa da Rasha.

A cikin wannan yanayi mutumin ya sayi kwalabe na hannu guda uku daga wani mai sayarwa a intanet wanda ya rubuta cewa an gwada su kuma suna da ƙarfi. A watan Afrilu kuma aka ƙara kashi 54 cikin ɗari a kan iyakar farashin wuta da gas na gidaje a Birtaniya. Na'ura mai jan kimanin watt 60, idan ta yi awa 8,760 na shekara a kunne, ta sha sama da kilowatt-awa 500, kuma takardar kuɗin wuta ce ta sa ya koma kashe ta da yamma, ba wani bayanin fasaha ba. Kwalaben watan Disamba sun kai watan Mayu. Da ya sa 6SN7 ta hannu, sai muryar mawaƙi ta karkata zuwa kunnen dama, ya sa ta biyu, ita kuma ko tebur aka ƙwanƙwasa sai an ji ƙarar a hedifon. Ya haƙura da mai karkatar har ƙarshen bazara.

Awon mai gyara, Oktoba 2022

Wanda aka kai wa na'urar dattijo ne mai gyaran tsofaffin rediyo da amfilifayar masu kaɗa jita. Bai fara da kwalaben ba. Ya juya na'urar ya karanta rubutun baya, sannan ya ba mutumin mita ya ce ya auna soket ɗin gidansa safe da rana da dare na tsawon mako guda. Awon ya riƙa kaiwa da komowa tsakanin volt 241 da 247, mafi yawan lokuta 244.

Wannan adadi bai saɓa doka ba. Tun 1995 Birtaniya ta koma kiran wutar gidajenta volt 230 domin ta daidaita da sauran ƙasashen Turai, amma an yi daidaitawar ne a takarda, aka ba da damar ƙari na kashi 10 da ragi na kashi 6, wato daga 216 zuwa 253, kuma gidaje da dama suka ci gaba da samun 240 ɗin da suka saba. Taransfomar da ke cikin amfilifayar kuwa ba ta daidaita komai, rabawa kawai take yi bisa yawan naɗin wayarta. Wadda aka naɗa domin ta mayar da 220 zuwa 6.3, idan aka ba ta 244 za ta fitar da kusan 7.0, kuma da mai gyaran ya ɗaga wutar teburinsa zuwa 244 ya ɗora mita a ƙafa ta bakwai da ta takwas na soket ɗin kwalba, inda wutar hita ke shiga, abin da ya karanta ke nan. Takardun masana'anta sun yarda hita ta kauce da kashi 10 a iyaka, wato 5.7 zuwa 6.9, kwalaben da aka yi domin dogon aiki kuma kashi 5 kawai aka ba su. Wutar faranti ma ta hau da irin wannan kason, ga kuma zafin da katakon kanta ke mayarwa kan gilashi.

Daga nan ya ɗora duk kwalaben da mutumin ya tara, matattu da masu rai, a kan tsohuwar na'urar gwaji ta AVO. Irin wannan na'ura tana auna yadda kwararar wutar faranti ke amsawa idan aka canza volt ɗaya a raga, kuma sabuwar 6SN7 ya kamata ta ba da miliamfiya 2.6 a kowane ɓangare. Ta hannu mai karkatar da murya ta ba da 2.4 a ɓangare ɗaya, 1.5 a ɗayan. Mai gyaran ya bayyana cewa na'urorin gwaji masu araha suna haɗe raga da faranti ne su duba ko katod yana sakin ilektiron kawai, allura ta nuna kore, alhali kwalbar ta gaji, kuma ita 6080 da ake gwadawa a miliamfiya 125 kowane ɓangare, na'urori kaɗan ne ke iya ba ta wannan nauyin. Kwalaben da suka mutu a cikin amfilifayar duka sun nuna ciwo iri ɗaya: wuta tana yoyo tsakanin hita da katod idan sun yi zafi.

Gyaran da aka yi, Nuwamba 2022

Hanya mafi araha ita ce a sa rezista, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, mai om 0.22 a layin hita, tunda amfiya 3.1 da kwalaben biyu ke ja zai sa ta cinye kusan volt 0.7 da ya yi yawa. Mai gyaran ya ƙi wannan, domin zai ƙara watt biyu na zafi a cikin akwatin da dama ya cika zafi, kuma zai bar wutar faranti da kafasitoci masu adana caji da ita kanta taransfomar a kan ƙarin da suke sha. Abin da ya yi shi ne ya haɗa ƙaramar taransfoma mai volt 24 a wani akwati daban, ya jona fitarta a jere da layin wuta amma ta kishiyar fuska, yadda za ta riƙa zaftare kimanin volt 25 kafin wuta ta isa amfilifayar. Daga 244 aka dawo wajen 219, hita ta zauna a 6.3. Ya kuma canza soket ɗin babbar kwalba da ƙarafansa suka buɗe, bayan ya sauke cajin kafasitoci, waɗanda ke iya riƙe wutar da za ta illata mutum ko bayan an cire filogi.

Sauran ƙa'idoji ne na amfani. An sauko da na'urar daga kanta zuwa buɗaɗɗen tebur, an sa mata ɗan agogon ƙirga awa. Ana kunna ta sau ɗaya da safe, a bar ta idan hutun bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, a kashe idan an tashi aiki, kuma ba a jona hedifon sai ta yi minti ɗaya a kunne. Kwalaben ajiya aka rage su zuwa biyu daga kowane iri, kowace an gwada ta an rubuta adadinta a kan kwalinta, an kunna ta na wasu awoyi a cikin amfilifayar domin a tabbatar ba ta da ƙara, sannan aka sa su a akwatin roba mai murfi da ƙunshin sinadarin shanye laima, a cikin durowar ɗakin kwana.

Sakamako, Disamba 2024

Kwalabe biyun da aka sa a Nuwamban 2022 suna nan a kai. Agogo ya nuna sun haura awa 4,000, babu ƙugi, babu ƙas-ƙas. 6SN7 ɗin da ta fara da 2.5 a duka ɓangarorin ta sauko zuwa 2.3 da 2.4, ba ta kuma nuna yoyo ba. Ba a taɓa na ajiya ba.

Hukunci

Idan aka lissafa da awa maimakon wata, kwalaben farko masu araha da ta Amurka mai tsada da na ajiya duk sun mutu ne a tsakanin awa 2,500 da 3,300 ko kusa da haka, da ciwo iri ɗaya. Wannan kaɗai ya wanke masana'anta da mai sayarwar da aka zarga a watan Yuli. Volt 7.0 yana ƙara wa hita kusan kashi ɗaya cikin biyar na zafin da aka tsara mata, kamar fitilar da aka ɗaga wa lagwani fiye da kima, haske ya ƙaru amma kananzir ya yi saurin ƙarewa gilashi ya yi baƙi. Bariyum yana tashi daga katod da sauri ya sauka kan raga da sauran sassa ya haifar da ƙas-ƙas, farin rufin hita kuma ya lalace har wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ta riƙa tsallakawa cikin sauti, wanda shi ne ƙugin da maɓallin sauti ba ya taɓawa. Canza kwalba yana kawar da alamar kowane lokaci, kuma wannan nasarar ta ɗan lokaci ce ta hana a nemi mita har kusan shekara biyu.

Hujjar Flowers gaskiya ce a wurinta, inda dubban kwalabe ke aiki dare da rana kuma mutuwar guda ɗaya take tsayar da komai. A gida, inda ake sauraro na awa goma, barin na'ura a kunne yana ƙona awa goma sha huɗu na shafin katod a banza kowace rana. Akwai ma wani darasin na wancan zamanin da ya fi dacewa da wannan lamari, domin injiniyoyin kwamfutar ENIAC a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, masu kula da kwalabe sama da 17,000, sun rage wutar hita zuwa 5.7 da gangan domin kwalaben su daɗe. A wajen ajiya kuma, shekaru ba su yi wa kwalaben komai ba, tunda ta shekarun 1960 ta yi aiki kamar sauran. Gogayya da laima ne suka kashe biyu a cikin wata tara.

Gyaran mai zaftare volt 25 ya dace ne da gidan da wutarsa ke sama kullum kuma ba ta yawo. A inda wuta ke hawa da sauka, kamar yadda ake gani a Najeriya tsakanin wutar layi da ta janareta, irin wannan akwati zai ja hita ƙasa da 5.7 duk lokacin da wuta ta yi rauni, kuma katod da bai gasu sosai ba shi ma lalacewa yake yi, don haka sitabilaiza mai daidaita kanta ce ke aiki a can. Ƙa'idar da mai gyaran ya bar wa mutumin ita ce a sake awo duk bayan awa 2,000, kuma a canza 6SN7 idan ta sauko wajen 1.7, ko ɓangarorinta biyu suka bambanta har kunne ya ji, ko ta fara ƙara, duk wanda ya riga zuwa.